Ni ɗan Red Sox ne, an min tayin Aaron Judge a fantasi, in karɓa?

"Assalamu alaikum Yaya, ya iyali ya aiki. Ni ɗalibi ne a Boston shekarata biyu kenan, abokan karatu suka ja ni cikin besbol har na zama ɗan Red Sox, bana kuma suka saka ni a lig ɗinsu na fantasi a Yahoo, wasan da kowa ke zaɓar 'yan wasan gaske ana tara masa lambobinsu, mu 12 ne kuma ina na takwas. Wani a cikinmu ya min tayin Aaron Judge in ba shi mai jifa Garrett Crochet da wani ɗan wasan fili na Red Sox da nake da shi. Gaskiya zuciyata ta ƙi, ta yaya zan riƙa murna in ɗan Yankees ya buga homron, wato ya fitar da ƙwallo wajen fili? Kuma mutum biyu sun ce ko na yarda sai sun hau kujerar naƙi. Sannan don Allah ka fahimtar da ni me yasa Red Sox kullum sai ta rabu da manyan 'yan wasanta, jiya Betts yau Devers. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Wa alaikumus salam ƙanina, iyali lafiya lau alhamdulillah, ya karatu. Tun kafin mu yi nisa bari in faɗa maka gaskiya don kar daga baya ka ce na cuce ka, ni ɗan Yankees ne, a Bronx nake zaune sama da shekara 20, in na hau jirgin ƙasa lamba 4 tasha kaɗan ce tsakanina da 161st Street inda filin Yankees yake. Wato kai ka kawo ƙarar kura wurin kura. Amma ba komai, lig ɗin fantasi da nake kwamishinansa ya haura shekara goma kuma akwai 'yan Boston biyu a ciki da har yau muna gaisawa, to ina jin zan iya maka adalci.

In na fahimce ka tambayarka uku ce ka ɗaure su da igiya ɗaya. Ko ya dace ɗan Red Sox ya riƙe ɗan Yankees a tim ɗinsa na fantasi, ko cinikin da aka kawo maka mai kyau ne kuma ya za ka yi da masu barazanar rushe shi, sai kuma dalilin da yasa kulob ɗinka yake sakin taurarinsa. Abin da na gani shi ne lissafin mai kulob daban, lissafin ɗan kallo daban, lissafin mai tim ɗin fantasi daban, kai kuma ka zuba su a tukunya ɗaya shi yasa abin ya cakuɗe maka.

Inda gabar ta samo asali

Zuciyarka da ta ƙi ba laifinta bane, gado ka tarar. A ƙarshen 1919 mai Red Sox na lokacin, Harry Frazee, ya sayar wa Yankees da Babe Ruth akan dala 100,000, ga kuma bashin dala 300,000 da ya karɓa aka jingina filin Fenway Park. Kafin nan Boston ce babba, ta ci World Series, wato kofin ƙarshe na gasar, sau biyar, 1903, 1912, 1915, 1916 da 1918, Yankees kuwa ko ɗaya bata taɓa ci ba. Daga wannan cinikin komai ya juye, Yankees ta ci na farko a 1923 yanzu tana da 27, ita kuma Boston ta shiga fari na shekara 86 ba kofi. Tsofaffin Boston da kake gani a jirgin ƙasa da hula mai B wasunsu iyayensu an haife su sun tsufa sun mutu basu taɓa ganin kofi ba, to ka ga ba wasa bane a wurinsu.

Kuma ba rashin cin ne kawai yake musu ciwo ba, yadda ake rasawa ne. A 1978 suna gaban Yankees da wasa 14 a watan Yuli, aka kamo su aka yi kunnen doki, aka buga wasa ɗaya na raba gardama a Fenway, Bucky Dent wanda ba a san shi da ƙarfin bugu ba ya ɗaga ƙwallo ta haye katangar nan kore ta hagu. A 2003 wasa na bakwai na neman zuwa World Series suna gaba 5 da 2 a zagaye na takwas, koci Grady Little ya bar Pedro Martinez yaci gaba da jifa bayan kowa a filin ya ga hannunsa ya gaji, aka farke, Aaron Boone ya gama da su a zagaye na 11. Little bai koma aikin ba. Boone ɗin nan kuwa shi ne kocinmu tun 2018, kuma mu ma kullum cikin zaginsa muke, wannan wani zance ne daban.

Na 2004 kam a idona akayi kuma har yau in na tuna sai na ji wani iri. Lokacin ina tuƙin tasi, a rediyon mota na koyi wasan nan gaba ɗaya, wani maƙwabcina ɗan Dominika shi yake min bayanin abin da ban gane ba in mun haɗu a bakin shago. Azumi ne ya kama, a karon neman zuwa World Series mun ci su wasa uku a jere, na ukun ma 19 da 8, saura ɗaya mu wuce. Daren wasa na huɗu na fito daga asham na kunna rediyo, muna gaba 4 da 3 a zagaye na tara ga Mariano Rivera da ƙwallo a hannu, ai ni har na fara lissafin kwastomomin da zan ɗauka masu murna. Sai aka sako Dave Roberts ya saci tudu na biyu, aka bugo ya shigo gida, aka tafi ƙarin lokaci, wajen ƙarfe ɗaya da wani abu na dare David Ortiz ya buga ta waje. Na yi fakin a gefen titi na kashe mota na ce ba komai gobe ma rana ce. Goben ma Ortiz ne. Suka ci huɗu a jere, na ƙarshen a cikin gidanmu 10 da 3, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, suka je suka share St. Louis suka ɗau kofi. Sahur ɗin ranar ko ɗanɗanon abincin ban ji ba wallahi. Tun daga nan Boston ta ƙara uku, 2007, 2013, 2018, mu kuma ɗaya tak a 2009, saboda haka in ɗan Yankees ya maka gorin 27 ka tambaye shi nawa ya gani da idonsa a wannan ƙarnin.

Amma ga abin da nake so ka lura da shi, su kansu 'yan wasan basu ɗauki abin da zafi kamar mu ba. Wade Boggs ya shekara 11 a Boston ya dawo Yankees ya ci kofi a 1996 har ya hau dokin ɗan sanda yana zagaya fili. Johnny Damon da ya buga mana homron biyu a wancan wasan na bakwai, bayan kakar 2005 ya aske gemu da gashi ya sa rigarmu akan dala miliyan 52 na shekara huɗu. A watan Oktoban 2025 yaron da ya fitar da ku daga gasar, Cam Schlittler, zagaye takwas ba a ci shi ko ɗaya ba ya fitar da mutum 12, ɗan Walpole ne a nan jiharku ta Massachusetts, a gidan 'yan Red Sox ya tashi. To in masu abin suna tsallaka titi saboda aikinsu, kai da kake danna waya a ɗakin karatu mene ne naka na rantsuwa.

Me yasa kulob yake sakin tauraro

Mu da muka taso da kallon ƙwallon Turai abin da muka sani shi ne a biya kulob kuɗi a ɗauki ɗan wasa. A MLB ba haka tsarin yake ba, galibi mutum ake bayarwa a karɓi mutum, kuma kwantiraginsa na binsa duk inda ya je. Sannan akwai dokar shekara shida, in yaro ya shigo babbar gasa kulob ne ke da iko da shi har sai ya cika shekara shida yana bugawa, ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ake biyansa (dala 760,000 ne a 2025), ukun baya albashin na tashi ta hanyar masu sasantawa, daga nan ya zama ɗan kansa kowa ya taya. Saboda haka a idon ofis, ɗan wasa mai kyau da ya rage masa shekara biyar a arha ya fi tauraron da ya rage masa shekara ɗaya daraja, ko da tauraron ya ninka shi iyawa. Ba a ƙayyade wa kulob iyakar albashi ba amma akwai haraji, in jimillar albashinka ta wuce wani layi sai ka biya kashi 20 na abin da ya haura, shekara ta biyu a jere kashi 30, ta uku kashi 50, in ka sauko ƙasan layin shekara ɗaya lissafin ya koma farko.

Da wannan za ka gane labarin Mookie Betts. Farkon 2020 saura masa shekara ɗaya, albashinsa dala miliyan 27, layin haraji miliyan 208, Boston kuma ta haura shi shekara biyu a jere ga David Price da ake binta miliyan 96 nasa. Sai Chaim Bloom da aka kawo ya shugabanci harkar 'yan wasa ya haɗa Betts da Price ya tura Dodgers, Boston ta ɗau rabin kuɗin Price, aka karɓo Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. A takarda lissafin ya fita. A fili kuma Betts ya sa hannu shekara 12 akan miliyan 365 a watan Yulin shekarar, ya ci kofi da Dodgers a 2020, ya ƙara a 2024 da 2025, shi kuwa Verdugo ƙarshe ma mu aka turo wa a Disambar 2023. Ni a ganina wannan kuskure ne babba kuma ba talauci ne ya jawo shi ba, kulob ɗin da yake cika Fenway yana da tashar talabijin tasa ba zai ce bashi da kuɗin riƙe mutumin da ya raina da hannunsa ba. Na dai yi murna a lokacin, ba zan ɓoye maka ba.

In kana bin Firimiya ma ka san mutanen, John Henry da kamfaninsa Fenway Sports Group da suka sayi Red Sox a 2002 su ne suka sayi Liverpool a 2010, kuma salon ɗaya ne, lissafi a gaba soyayya a baya. Duk ƙorafin da kake ji 'yan Liverpool na yi a gidan kallo cewa masu kulob sun cika maƙo, irinsa ake yi a rediyon Boston da safe.

Sai dai kar ka ɗauka duk lokacin da aka saki wanda ake so kuskure ne. Ranar 31 ga Yulin 2004 Theo Epstein ya tura Nomar Garciaparra Chicago Cubs, mutumin da a lokacin yara a Boston rigarsa suke sawa, ya karɓo Orlando Cabrera da Doug Mientkiewicz waɗanda basu kai shi suna ba amma sun fi tsare fili, garin ya ɗau zafi kamar za a cinye shi ɗanye, wata uku bayan nan suka karya farin shekara 86. Na Devers kuma a tsakiya yake. An bashi kwantiragin shekara 10 akan miliyan 313.5, sai aka kawo Alex Bregman aka ce ya bar masa tudu na uku ya koma bugu kawai, ya yarda da ƙyar, sai Triston Casas ya ji rauni a gwiwa aka ce to zo ka tsaya tudu na ɗaya, ya ce shi fa ba zai yi ta yawo ba, ranar 15 ga Yunin 2025 bayan sun gama share mu wasa uku a Fenway aka ce an tura shi San Francisco. Wannan rabi kuɗi ne rabi kuma zama ne ya ƙi daɗi tsakaninsa da ofis, kuma irin wannan cinikin sai an shekara uku huɗu kafin a san wa ya ci.

Dalilin da yasa na ja wannan zancen shi ne duk abubuwan da ofis yake aunawa, albashi, haraji, shekarun da suka rage, zaman lafiyar ɗakin canza kaya, ba ko ɗaya da ya shafe ka a lig na shekara ɗaya. Kai ba ka biyan Judge miliyan 360 ɗin da aka rubuta masa na shekara tara. Lambobinsa kawai kake saya daga yau zuwa ƙarshen Satumba.

Cinikin kansa

Baka faɗa min wane irin lig kuke yi ba, kuma amsar ta rataya a nan sosai. In irin na asali ne da ake kira roto, wanda Daniel Okrent da abokansa suka fara a 1980 a wani gidan abinci a New York mai suna La Rôtisserie Française, to ana tara lambobi ne tun daga farkon kaka har ƙarshe a fanni goma. Biyar na masu bugu, wato shigowa gida, homron, RBI (mutanen da bugunka ya shigo da su gida), satar tudu da matsakaicin bugu. Biyar na masu jifa, wato nasara, rufe wasa, K (fitar da mai bugu da jifa), ERA (matsakaicin makin da ake ci a hannunsa) da WHIP (yawan waɗanda yake bari su hau tudu a kowane zagaye). A lig na mutum 12 wanda ya fi kowa a fanni yana samun maki 12 na ƙarshe ya samu 1. In kuma na karo da juna ne mako mako, kowane Litinin sabon lissafi ake buɗewa, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne ka shiga cikin waɗanda zasu buga zagayen ƙarshe ka kuma isa can da lafiyayyun mutane.

Ka bar tambayar wa ya fi wani tsakanin Judge da Crochet, ka buɗe teburin lig ɗinku ka duba fanni fanni ina ne maki suke kusa da hannunka. A ce kana da homron 95, mutum uku da ke samanka suna da 97, 99 da 102, to Judge shi kaɗai zai iya tsallakar da kai su ukun, maki uku kenan, kuma mai buga homron yana jan RBI da shigowa gida tare da shi, fanni uku a jifa ɗaya, shi kuma Judge ba irin masu ƙarfin nan bane da suke kashe maka matsakaici. Sai ka juya ɗaya ɓangaren, in ka cire Crochet wanda ya fi kowa K a 2025, mutum nawa ne ke bayanka a K da tazara kaɗan, ERA da WHIP ɗinka su wa zasu riƙe su. In kana na biyu a K kuma na uku ya yi maka nisa, to kana da rarar da bata ƙara maka komai, sayar da ita shi ne hankali. In kuma Crochet ne kaɗai ginshiƙin masu jifarka sauran duk tarkace ne da ake dukansu kamar ganga, to ka ba da shi ka samu maki huɗu can ka zubar da shida nan.

In ka matsa min sai na faɗi ra'ayi ba tare da na ga teburin ba, ni karɓa zan yi, kuma ba don ɗan kulob ɗina bane. Na farko a lig na mutum 12 wanda ya karɓi mutum ɗaya mafi kyau ya ba da biyu yawanci shi ke cin riba, saboda gurbin da ya buɗe maka zaka cike shi kyauta daga cikin waɗanda ba mai su, kuma 'yan wasan fili masu dama dama basa ƙarewa a can. Na biyu hannun mai jifa abu ne da ba a rantsuwa a kansa, jijiyar gwiwar hannu in ta tsinke aikin da ake kira Tommy John sai mutum ya shekara ko fiye baya wasa, shi kansa Crochet an masa a 2022, namu Gerrit Cole kakar 2025 gaba ɗaya bai jefa ko ɗaya ba. Na uku kana na takwas, mai na takwas ba lallaɓawa yake buƙata ba. Amma kar in zuga ka, Judge ma jiki ne da jini, mutum ne mai tsawon mita biyu da nauyi, a watan Yunin 2023 ya daki katanga a filin Dodgers ya ji ciwo a babban ɗan yatsan ƙafa ya yi kusan wata biyu a zaune, wasa 106 ya buga a shekarar duk da haka ya buga homron 37. A 2022 kuwa 62 ya buga ya karya tarihin American League na Roger Maris na 61 da ya tsaya tun 1961, a 2024 ya buga 58. Ba wanda zai ce maka ga wanda zai ji rauni gobe, ni dai na san wanne ne ya fi yawan faruwa.

Wani abu kuma da sababbi basa lura da shi, kana zaune ne a lig ɗin 'yan Boston, to kasuwarku a karkace take. Duk ɗan Red Sox ana sayensa sama da kuɗinsa, duk ɗan Yankees ana sakinsa ƙasa da kuɗinsa, mu a namu lig ɗin akasin haka ne. Ba kamar FPL, fantasin Firimiya, bane da mutum miliyan zasu iya riƙe Haaland lokaci ɗaya, nan ɗan wasa ɗaya mutum ɗaya ne ke da shi, to in abokinka zuciyarsa na kan Crochet wurinka kaɗai zai same shi. Shi ya zo maka ba kai ka je masa ba. Kar ka yi saurin cewa na sallama, ka ce masa ya ɗora maka mai rufe wasa ɗaya ko wani mai satar tudu daga bencinsa, ko ka canza ɗan filin da ya nema da wanda bai kai shi ba. Albarka ɗaya bata kashe ciniki.

Ni na sha wannan ruwan shi yasa nake maka magana da ƙarfi. A zaɓen 'yan wasa na 2018 layi ya zo kaina Betts na nan ba wanda ya ɗauka, su 'yan Boston ɗinmu biyu suna can ƙarshen layi suna addu'a, ni kuma na ce wallahi ɗan Red Sox ba zai zama mutum na na farko ba, na ɗauki Giancarlo Stanton da muka karɓo daga Miami bayan ya buga 59 a 2017. Stanton bai yi laifi ba, 38 ya buga da RBI 100, amma matsakaicinsa .266 kuma ba ya sata. Betts ya gama da .346, homron 32, sata 30, ya shigo gida sau 129, aka bashi gwarzon shekara. Fannoni biyun da suka kashe ni a shekarar su ne matsakaici da sata. Wanda ya ɗauke shi bayana har yau in zai gaishe ni a guruf sai ya ce ina kwana mai kishin ƙasa.

Tun daga nan na yi wa kaina doka, zagaye goma sha biyar na farko na zaɓen 'yan wasa ko rigar mutum bana kallo, amma kujera biyu na ƙarshen benci na zuciya ne, in sa duk yaron Yankees da nake so ko da bai cancanta ba. Kai ma ka yi haka, ka ajiye wani matashin Red Sox a benci kana kallonsa kana jin daɗi. Maganar murna kuma, tun 2023 da aka canza jadawali wasa 13 kacal Yankees da Red Sox suke haɗuwa cikin 162, da 19 ne. Sauran 149 ɗin wasu Judge yake duka, ciki har da Toronto da Baltimore da Tampa waɗanda ku ma abokan hamayyarku ne. A 13 ɗin nan in ya buga muku ka yi tsaki a fili ka duba waya a ɓoye, in kuma abin ya fi ƙarfinka ka zaunar da shi a benci kwana ukun, asararka ce ba ta kowa ba, amma ni ba zan yi ba.

Masu kujerar naƙi

Wannan ne ya fi bani haushi a saƙonka. An sa damar rushe ciniki ne saboda abu ɗaya, haɗin baki, wato mutum ya ga ya fita daga gasa sai ya kwashe manyan 'yan wasansa ya zuba wa abokinsa a karɓi tarkace, ko a ce ara min shi wannan makon in dawo maka da shi. Ba a sa ta don wani yana ganin da shi ne ba zai yi cinikin ba, balle don yana tsoron wanda ke bayansa zai kamo shi. Judge akan Crochet da ƙarin mutum ɗaya ciniki ne da kowane ɓangare zai iya tsayawa ya kare kansa, to magana ta ƙare. Ka duba matsayin mutum biyun nan a tebur, in na shida da na bakwai ne ka san inda aka dosa.

Kar ka yi faɗa a guruf. Ka sami kwamishinanku kai da shi ka tambaye shi mene ne ƙa'idar rushe ciniki a lig ɗin, a rubuce take ko kuwa, sannan ka nemi duk wanda zai ƙi ya faɗi dalilinsa a gaban kowa da sunansa. Yawanci da an ce a faɗi dalili sai kaji shiru. A namu lig ɗin mun cire ƙuri'a gaba ɗaya tun shekara ta uku bayan wata rigima da ta sa mutum biyu suka yi wata basa magana, yanzu ni kaɗai ke dubawa cikin kwana ɗaya, in cinikin ya shafe ni mataimakina ya duba, kuma a duk shekarun nan sau ɗaya na taɓa rushewa, wasu 'yan gida ɗaya ne wa da ƙani. Kar kuma ka raina yadda abin nan yake taɓa zuciya, a watan Mayun 2022 Tommy Pham na Cincinnati ya sharara wa Joc Pederson na San Francisco mari a fili kafin a fara wasa akan rigimar lig ɗinsu na fantasin ƙwallon Amurka, wai an ɓoye ɗan wasa a gurbin masu rauni, aka dakatar da shi wasa uku, kwamishinan lig ɗin kuma Mike Trout ne da kansa. Masu miliyoyi kenan.

Tunda ɗalibai ne ku ina fatan ba kuɗi kuka zuba ba. Mu tun farko muka ce ba sisi a ciki don kar abin ya koma caca, wanda ya zo na ƙarshe dai shi ke sayen gasasshen nama ranar zaɓen shekara mai zuwa, kuma wallahi wannan ya fi kuɗi sa mutane dagewa, don matsalar kowane lig ita ce watan Agusta, Firimiya ta dawo, na tara zuwa na sha biyu sun daina buɗe manhaja, ka ga mai rauni ya yi sati uku a cikin jerin masu wasa. In cinikin nan ya faɗa, gurbin da ya buɗe maka kar ka cike shi da suna, ka duba wanda ake sawa kullum kuma yake bugu a sahun farko na kulob ɗinsa, sannan ka sa ido ƙarshen Yuli lokacin da ake rufe kasuwar musaya ta MLB, ƙananan kulob suna sayar da masu rufe wasansu sai wani sabo ya gaji kujerar, wanda ya riga kowa dannawa shi ke samu a banza.

Turo min hoton teburin naku fanni fanni da jerin masu jifarka in duba maka kafin ka danna, don in na ga Crochet ne kaɗai mai rai a cikinsu zan ce ka riƙe abinka. In kuma Allah ya kawo ka New York lokacin da zaku zo mana ka min magana mu je tare, amma hular nan mai B ka barta a jaka sai mun wuce sashe na 203 inda 'yan gani kashe nin Yankees suke zama.